Sabuwar wayata ba ta da ramin iyafis, adaftar da na saya kuma ta ƙi yi: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum. Ina da hedifon mai igiya wanda yayana ya kawo mini tsaraba kusan shekara biyar da suka wuce, har yau bai taɓa ba ni matsala ba. Da shi nake sauraron karatu da daddare idan yara sun yi barci, da shi kuma nake amsa kira a wurin aiki. Kwanan nan na canza waya zuwa Samsung A54, sai na tarar babu ramin da zan soka shi. Na sayi 'yar adafta a kasuwa, mai bakin Type-C a gefe ɗaya da ramin iyafis a ɗaya gefen. Na sa, shiru, sauti ta sifika kawai yake fitowa. Abin mamaki, da muka gwada a wayar abokina sai ta yi garau. Shin wayata ce ke da matsala, ko adaftar ce jabu? Ba na son na Bluetooth saboda wahalar caji. Mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara kwantar maka da hankali: wayarka lafiyarta ƙalau, hedifon ɗinka ma haka, ita kanta adaftar ba lallai ne ta zama jabu ba, tunda ga shi ta yi magana a wayar abokinka. Abin da ya faru shi ne ka sayo irin da ba ta dace da wayarka ba. Adaftar Type-C iri biyu ce, kuma a ido kamar an tsaga kara: tsayi ɗaya, launi ɗaya, wani lokaci har kwali ɗaya. Bambancin yana can ciki inda ido ba ya kaiwa. Na daɗe ina gyaran waya a Kano, kuma da wuya mako ya fita wani bai ajiye mini waya a tebur yana cewa sautinta ya mutu ba, alhali wannan maganar ce kawai.

Aikin da ramin nan yake yi a ɓoye

Karatun da ke cikin wayarka ba sauti ba ne tukuna. Lambobi ne a ajiye, sifiri da ɗaya, birjik. Shi kuwa hedifon bai san lamba ba. A cikin kowane kunne nasa akwai maganaɗisu da siririn zaren tagulla a naɗe, sai wata 'yar fata mai laushi kamar ta kalangu. Idan wutar lantarki mai hawa da sauka ta bi ta zaren, fatar ta girgiza, iska ta motsa, kunnenka ya ji. To kenan dole a sami tafinta a tsakani, wanda zai karɓi lambobin ya mayar da su wutar da hedifon ke fahimta. Wannan tafinta wata ƙanƙanuwar na'ura ce da ake kira DAC, kuma tana tafiya tare da wata mai ƙara wa sautin ƙarfi don ya iya tura fatar.

A wayoyin da muka saba da su, tafintan yana zaune a cikin waya, an ja masa layi har zuwa ramin iyafis. Shi ya sa ba mu taɓa tunaninsa ba, sokawa kawai muke mu ji. Ramin nan mai faɗin milimita 3.5 tsohon abu ne ƙwarai. Babban yayansa mai milimita 6.35 tun ƙarni na 19 ake amfani da shi a ɗakunan haɗa kiran tarho, shi kuma ƙaramin ya bazu da 'yan rediyon aljihu, sannan Walkman, 'yar rakodar kaset ta aljihu, na kamfanin Sony da ya fito a 1979 ya kai shi kowane lungu. A 2016 ne aka fara rabuwa da shi gadan-gadan: Motorola ta fitar da Moto Z babu shi, Apple ta biyo da iPhone 7 a watan Satumba na shekarar. Google ta cire a Pixel 2 a 2017, Samsung ta cire a Note 10 a 2019, daga baya abin ya gangaro kan wayoyinta masu matsakaicin kuɗi, har da irin taka. Kamfanonin suna cewa wuri suke nema wa batir, kuma rufe ramin yana sauƙaƙa kare waya daga ruwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni dai ban manta cewa su ne kuma masu sayar da iyafis na Bluetooth ba.

Adafta mai tafinta da adafta fanko

Da aka cire ramin, sai kamfanoni suka rabu gida biyu. Wasu suka bar tafintan a cikin waya, suka karkatar da layinsa zuwa ramin caji. Ramin Type-C yana da ƙafafu 24 a ciki, kuma ƙa'idarsa ta ba da damar a ari wasu daga cikinsu a tura sauti tsantsa ta nan. Irin waɗannan wayoyi ba sa buƙatar komai sai hanya, wato adaftar da babu komai a cikinta sai siraran wayoyi da ke haɗa wannan baki da wancan rami. Ita nake kira fanko. Wayoyi da dama na Xiaomi, Huawei, OnePlus da Motorola sun bi wannan hanya, kuma ina kyautata zaton wayar abokinka tana cikin wannan gida.

Gida na biyu suka ce a'a, ramin cajinmu lambobi kawai zai fitar, duk mai son sauti ya zo da tafintansa. Samsung tana nan, Pixel na Google yana nan, iPhone ma haka. Idan ka sa wa irin wannan waya adafta fanko, tamkar ka shimfiɗa bututu ne zuwa rijiyar da ba a sa mata famfo ba. Wani lokaci wayar za ta rubuto maka cewa ba ta karɓar na'urar da aka haɗa, wani lokaci kuma ko tari ba za ta yi ba, sauti ya ci gaba da fita ta sifika, kamar yadda ka gani.

Abin da kake buƙata shi ne adafta mai DAC a cikinta. Na'urar ƙarama ce sosai, tana ɓoye a cikin kan da ke shiga waya, tana shan 'yar wuta daga batir. Alherinta shi ne ba ta zaɓen waya: tana yi a gida na biyu, tana kuma yi a gida na farko, domin tun Android 5 da ya fito a 2014 tsarin yake iya tura sauti ta USB. Don haka ko gobe ka canza waya, adaftar tana nan tana maka aiki. Fanko kuwa sai wayar da ta ga dama.

Yadda za ka gane ta a kasuwa

Nan ne gizo ke saƙa. A ƙa'ida kwalin zai nuna: za ka ga an rubuta DAC, ko lambobi irin 24bit/96kHz, ko sunan na'urar da ke ciki, kamar CX31993 ko ALC5686, waɗanda na fi yawan cin karo da su a adaftoci masu kyau da ba su da tsada. Sai dai kwali ba ya rantsuwa. Na sha fasa adaftar da aka rubuta wa duk waɗannan, in tarar babu komai a ciki sai waya huɗu da ɗigon dalma. Yawancin masu shago ma ba da gangan suke ba ka wadda ba ta dace ba, su ma a dozin suke sarowa, kuma da ta yi a wayar yaron shago shi ke nan a wurinsu ta yi.

Saboda haka shawarata ɗaya ce, kuma ita nake ba kowa: ka tafi da wayarka da hedifon ɗinka, a gwada a gabanka kafin ka miƙa kuɗi. Kada ka yarda a gwada a wata waya. Gwajin ma kada ya tsaya a jin sauti. Ka kunna karatun da ka sani, ka tabbata kunnuwa biyu suna yi daidai. Ka dakatar da shi ka saurara a shiru, domin adafta marar kyau tana wani siririn shuuu kamar iska na fita daga taya, wanda hayaniyar kasuwa ke ɓoyewa amma da daddare zai dame ka, kai da kake sauraro bayan gida ya yi tsit. Ka danne kunnuwan da tafin hannu don ka ji da kyau. Sannan ka kira wani, ko ka ɗauki saƙon murya a WhatsApp kana ɗan ƙwanƙwasa makirufon da ke jikin igiya da farce. Idan ƙwanƙwasar ta fito a saƙon, makirufon hedifon ne ke aiki. Idan ba ta fito ba, na waya ne ke ɗauka, adaftar ba ta wuce da murya. Wannan ya shafe ka musamman tunda da shi kake amsa kira. A ƙarshe ka danna maɓallin tsakiya ka ga ko yana tsayar da sauti.

Idan kana son kuɓuta daga caca gaba ɗaya, Samsung tana da tata adaftar, kuma mai DAC ce. Ta Apple mai bakin Type-C, wadda suke sayarwa dala 9 a Amurka, ita ma tana yi a Android, sautinta kuma tsaf, amma a wayoyin Android da yawa ƙarfinta yana zuwa ƙasa da yadda take yi a iPhone. Ga mai ƙaramin iyafis ba komai, ga mai babban hedifon yana iya ji kamar ba ta ƙoshi ba. Dukansu biyun an cika kasuwa da kwaikwayonsu, don haka tambarin jiki bai ɗauke maka gwaji ba.

Idan mai DAC ce kuma ta ƙi

Kafin ka koma ka tayar wa mai shago da jijiyar wuya, ga abubuwan da nake dubawa a teburina. Na farko, ka fara soka hedifon a adafta, sannan ka sa adaftar a waya. Wasu ba sa farkawa sai sun ji akwai hedifon a jikinsu. Na biyu, rigar waya. Mai kauri tana hana baki shiga har ƙarshe, kuma rabin milimita ya isa ya hana magana. Cire ta ka sake gwadawa.

Na uku shi ne wanda ya fi yawa a wajenmu: datti. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a gindin ramin caji, kullum ka sa caja kana ƙara danne su har su zama kamar tabarma. Caji yana iya ci gaba da shiga a haka, amma ƙafafun da ke ɗaukar bayanai ba sa taɓawa sosai. Alamar ita ce bakin caja yana rawa ko yana zamewa da kansa. Ka kashe wayar, ka sami tsinken sakace na itace ka fere shi siriri, ka yaƙuto dattin a hankali ta gefe-gefe, kana kiyaye harshen da ke tsakiyar ramin. Ban da allura, ban da fil, ban da zuba fetur ko turare. Ramukan da na canza saboda allura sun fi waɗanda suka mutu don kansu.

Akwai kuma maganar OTG, wato makunnin da ke ba waya damar karɓar wata na'ura ta ramin caji, wadda ba ta shafi Samsung ba amma na san masu Oppo, Realme, Vivo da wasu Tecno da Infinix za su karanta wannan. A wayoyin nan sai ka shiga saiti ka kunna OTG kafin ramin caji ya yarda ya ba wata na'ura wuta, kuma a da yawansu yana kashe kansa idan aka yi minti 10 ba a sa komai ba. Mutum ya yi amfani da adafta jiya lafiya, yau ta ƙi, ya ce ta ƙone, alhali makunnin ne ya koma.

Dubi bakin hedifon ɗinka

Ban riƙe hedifon ɗinka a hannu ba, don haka wannan sai kai ka duba. A jikin ƙarfen da ake sokawa akwai zobba na roba, baƙaƙe ko farare. Idan biyu ne, sauti kawai yake ɗauka, hagu da dama, babu makirufo, kuma idan aka kira ka makirufon waya ne zai yi aiki. Idan uku ne, akwai makirufo. Tunda ka ce kana amsa kira da shi, naka mai uku ne.

Masu ukun ma iri biyu ne, saboda an taɓa samun saɓani kan jerin layukan biyu na ƙarshe. Tsarin da ake kira CTIA, wanda kusan kowa ke bi yanzu, ya sa makirufo a can gindi. Tsohon tsarin OMTP, na zamanin Nokia da Sony Ericsson, ya juya su. Idan aka haɗa wanda bai dace ba, sauti yana zuwa kamar daga cikin rijiya, muryar mai karatu ta yi nisa, amma da ka danne maɓallin makirufo sai komai ya washe, ka saki ya koma. Duk wanda ya ga wannan alama, ba lalacewa ba ce, akwai 'yar mahaɗa da ke juya layukan. Hedifon mai shekara biyar irin naka da wuya ya zama na tsohon tsari, na kawo ne don masu jawo tsofaffin kaya daga durowa.

Maɓallan ƙara sauti da ragewa kuwa kada ka ɗora musu rai. Apple da Android ba hanya ɗaya suke bi wajen aika wannan umarni ba, shi ya sa iyafis ɗin iPhone mai igiya sau da yawa maɓallin tsakiya kaɗai ke yi a Android. Idan hedifon na kwamfuta ne mai baki biyu, kore na sauti da ruwan hoda na makirufo, sai an nemi mahaɗar da ke tara su zuwa baki ɗaya mai zobe uku. Idan na situdiyo ne mai kaurin baki, gwada murɗa kan tukuna, da yawansu ƙaramin bakin yana ciki, babban hula ce kawai aka ɗaura masa. Irin waɗannan na situdiyo suna da wata matsalar: a jikinsu za ka ga lamba da alamar Ω, wato ma'aunin yadda hedifon ke turje wa wuta. Na yau da kullum 16 ne zuwa 32, kowace adafta tana tura su. Masu 250 ko 300 suna son ƙarfin da ƙaramar adafta ba ta da shi, za ka ƙure sauti amma ka ji shi sanyi-sanyi. Maganinsu adafta mai ƙarfi ta musamman, wadda ta fi tsada kuma ta fi shan batir.

Ga masu iPhone, a taƙaice: daga 7 zuwa 14 adafta mai bakin Lightning ce, wato bakin cajin Apple na dā, daga 15 da ta fito a 2023 kuma Type-C mai DAC. Idan ka sa ta Lightning wayar ta ce sai ka kunna Bluetooth kafin ka ji sauti, to wutar waya kawai take sha, sautin ta iska yake bi. Ba ta asali ba ce, kuma ka haɗa wa kanka wahala biyu, ga igiya ga Bluetooth.

Abin da za ka rasa ko da komai ya yi

Gara in faɗa maka tun yanzu. Rami ɗaya gare ka, don haka caji da sauraro ba sa haɗuwa sai da adafta mai baki biyu. Akwai su, amma a cikin duk kayan nan su ne na fi ganin ana dawowa da su: wata ta rage saurin caji, wata ta yanke sauti da zarar an sa caja, wata ta shigo da ƙugi, musamman a wutar janareto. Ni ba na ma son mutum ya sa igiya a kunne wayar tana jone da cajar da bai san asalinta ba. Ka cika batir da yamma, ka yi sauraronka da dare. Kuma tunda sa'o'i kake yi, ka riƙa tausaya wa kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin sautin waya.

Ba ka tambayi rediyo ba, amma a ƙasar nan ba a maganar iyafis a bar shi. A wayar da ke da rami, igiyar iyafis ita ce eriyar FM, shi ya sa rediyon ke ƙin buɗewa sai ka soka ta. Adafta mai DAC tana raba igiyar da na'urar rediyon, don haka galibi ba ta maye wannan gurbi, kuma wayoyi da yawa marasa rami ba a ma sa musu FM ba. Dattawa da dama sun zo mini da sabuwar waya mai tsada da 'ya'yansu suka saya musu, damuwarsu ɗaya, ba sa kama Freedom Radio da safe sai da data. Irin waɗannan nakan ce su riƙe ƙaramar wayarsu ta dā saboda labarai, babu adaftar da zan sayar musu ta gyara wannan.

Akwai wata hanya kuma da zan ambata don cikawa, ko da yake ka ce ba ka son caji: 'yar na'urar Bluetooth mai ramin iyafis, wadda ake maƙalawa a aljihun riga a soka hedifon a jikinta. Tana barin ramin caji a buɗe, amma ita ma sai an yi mata caji, kuma sauti yana ɗan makara a bidiyo. A yanayinka ban ga dalilinta ba.

Idan ka dace da adafta mai kyau, inda take mutuwa shi ne wuyanta, daidai inda siririyar igiyar ta shiga kan da ke jikin waya. Lanƙwasar aljihu ce ke karya ta, musamman idan mutum ya zauna ko ya hau babur da waya a aljihun wando. Ka bar ta a jikin hedifon kullum kamar wani ɓangare nasa, ka riƙa cire ta daga waya idan ka gama, wannan yana hana ta ɓata kuma yana hana ta tsotsar batir a banza. Wajen cirewa ka kama kan, ba igiyar ba. Ni a tawa na zare sifirin ɗin tsohon biro na naɗa a wuyan, ya hana shi lanƙwasa har ya karye. Ranar da ka ji kunne ɗaya yana ɗaukewa idan ka motsa, kafin ka zargi adaftar ka gwada hedifon a wata waya mai rami, kana lanƙwasa igiyar a hankali kusa da bakinta. Idan a nan yake yankewa, kai shi wurin mai gyara ya yanke bakin ya yi maka dalmar sabo mai zobe uku, ka ce masa a tsarin CTIA.